Matar da ba ta da inuwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Mayahi neman aikin tuƙa ambilans ba. Shekara ashirin da biyu ina jan mota tsakanin Tasawa da Korgom, bayana ya gaji, ina son aikin da zan tsufa a kansa. Mu shida muka zo, mutum ɗaya ake so. Kafin in shiga na sha fura da nono kwano guda, yadda na saba in zan kama doguwar hanya. (Ba wanda ya gaya mini hanyar tana cikin ɗaki.)

Wata madam ce mai gwajin. Ta zaunar da ni bisa kujera mai bolan, wato sitiyari, da birki, ba taya ba inji, ta ɗaura mini wani baƙin gilashi a ido. Ta ce, "Malam, tuƙa kamar kullum."

Sai ga hanya ta buɗe cikin gilashin. Gonakin hatsi dama da hagu, amma ko ganye ɗaya ba ya motsi. Na wuce wani gari, ba akuya, ba hayaƙi, rijiya da guga a rataye ba kowa. Idona na cewa gudu nake, ƙuguna na cewa zaune nake. Ni kuwa da ƙugu nake tuƙi, shi ke gaya mini rami da rairayi. Ranar ya yi shiru kamar na gawa. Zufa mai sanyi ta karyo mini, furar ta fara juyawa.

Can na hango mace ita kaɗai gindin tsamiya, rana tsaka, da farin zane. Na duba ƙasa, ba ta da inuwa. Ta tako cikin hanya, ƙafafunta kamar ba su taɓa ƙasa.

To, mu direbobin daji mun gada daga iyayen gidanmu: ka ga irin wannan da tsakar rana, ba ka tsayawa, ba ka waiwaye. Na ɗaga murya da A'uzu billahi, na taka wuta har ƙasa. Na bi ta kanta. Fuskarta ta ratsa tawa, idanunta buɗe.

Nan furar ta dawo. Kwano guda na sha, wallahi abin da ya fito ya fi biyu. Bisa bolan, bisa takalmin madam.

Da ta cire mini gilashin, sai na ga ashe duk tuƙina yana fitowa a telebijin ɗin bango, mutum biyar na kallo. Wani Bafillace daga Kanan-Bakache ya ce, "Ƙane, wannan ambilans ɗin taka kai marasa lafiya za ta yi ko samar da su?"

Madam tana goge ƙafa ta ce, "Amai ba komai, mutane da yawa suna yi. Matar fa? An sa ta don mu ga birkinka."

Na ce, "Madam, ba mutum ba ce."

Ta ce, "Na sani. Ni na sa ta."

Bafillacen ya samu aikin. Ni na koma tasha.

Abin da na koya: taka birki tukuna, addu'a ta biyo baya. Aljana ko ta shiga motarka, ita dai ba ta riƙe da biron ɗaukar aiki.