Dabaibayin Sarkin Ruwa

Akwai wani mutumin ƙasar Kabi a unguwarmu ta Hausawa a Legas, sunansa Arzika, mai sayar da bandar kifi a bakin kasuwa. Shagon ɗinkina yana kallon teburinsa, saboda haka babu labarinsa da ban haddace ba. Shi ne ya kama giwan ruwa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ɓare goro. Shi ne kada ya hango ya kauce masa a hanya. Kakansa kuwa kwana uku ya yi a ƙarƙashin gulbi, ya fito da rigarsa a bushe. Kowace shekara giwan ruwan nan sai ya ƙara ƙiba, ko da yake an daɗe da cinye shi. Shekarar Arzika goma sha tara a Legas, kuma a iya sanina ruwan da ya fi shiga shi ne na bokitin wanka.

Ana nan sai Sarkin Hausawan unguwar, Alhaji Mudi, ya ce zai naɗa Sarkin Ruwa, don mutanenmu sun yi yawa a harkar kwale-kwale da ɗibar yashi, suna bukatar mai tsaya musu. Kafin Sarki ya rufe baki Arzika ya sayi rawani. Ya kawo mini shadda in ɗinka masa babbar riga. Ya buga kalanda da hotonsa, kifi ɗaya a dama ɗaya a hagu, an rubuta "Sarkin Ruwan Legas da Kewaye". Matarsa ta fitar da anko, aka sa ranar Asabar. Duniya da abin da ke cikinta babu abin da Arzika yake so kamar rawanin nan.

Sai dai a fadar akwai Baba Jatau, Sarkin Fawa, tsohon da ba ya ganin abu ya ƙyale. Kun dai san wasan da ke tsakanin mahauta da masunta.

Baba Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da za a naɗa ni sai da na feɗe sa a gaban jama'a. Shi wannan ko ƙafa ba zai jiƙa mu gani ba? Ga teku nan a bayan gida, ba sai an shiga mota ba."

Arzika ya yi tsaki ya ce, "Kai Jatau, mi kas sani ga ruwa in ba na wankin tumbi ba? Ruwa duk ruwa na. A sa rana!"

Sarki ya sa Laraba.

Ranar Laraba da hantsi muka ɗunguma bakin teku, Sarki a gaba, mu 'yan kallo a baya. Na rufe shagona, don irin wannan ba a jin sa a bakin wani. Muna isa muka tarar da masu wasan hawan igiyar ruwa. Mutum zai kwanta a kan wani dogon allo, ya yi ta tuƙi da hannu har can inda ruwa ya yi duhu. In igiyar ruwa ta taso sai ya miƙe tsaye a kan allon, ta kwaso shi da gudu, yana karkata nan yana karkata can, har ta sauke shi kusa da gaɓa. Gaskiya abin ya burge ni. Ni da ko a kan tabarma nake tuntuɓe, sai da na ji ina ma ni ne.

Da Arzika ya shiga gefe ya ɗan yi iyo ya fito, da magana ta ƙare, Asabar ya sha naɗinsa. Amma ina, bakinsa ya riga hankalinsa isa wurin.

Ya nuna su da haɓa ya ce, "Wanga wasan yara shi mutane ka kallo? Ku ba ni allon."

Mai kula da allunan wata Bayarabiya ce, Ronke, haifaffiyar Funtuwa, Hausar bakinta ta fi tawa. Ita take koya wa mutane hawan. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Baba, ka taɓa hawa?"

"Allo? Tun ina shekara biyar nike riƙon allo. Goran iyo na masunta kuwa bisanshi aka yaye ni."

"Baba, wannan ba gulbi ba ne. Akwai inda ruwan yake janyewa ciki, in ya kama mutum ba a kokawa da shi. Masu koyo sai sun yi kwana uku a kan yashi kafin in bar su su shiga."

"Kwana ukku? Ni Asabar za a naɗa ni."

Da ta ga ba zai ji ba, sai ta durƙusa ta jawo wata igiya da ke manne da gindin allon, za ta ɗaura masa a idon sawu. Arzika ya yi tsalle ya ja da baya kamar ya taka garwashi.

"Dabaibayi! Gaban Sarki da jama'a za ki yi man dabaibayi? Ni jaki na?"

Ronke ta ce, "Baba, in ka faɗi, allon nan ne zai riƙe ka a sama. Igiyar ce ba za ta bari ku rabu ba. Kowa da ka gani a can yana da ita."

"Su dai. Ni igiya zan hau, ba igiya za a ɗamre ni da ita ba."

Baba Jatau ya ce, "Ƙyale shi, 'yata. Kada ki ci mutuncin jaki, shi in za a ɗaure shi tsayawa yake yi."

Arzika ya tuɓe riga, ya gyara layun da ke damtsensa, ya yi wa kansa kirari har zuwa kan kakansa mai busasshiyar riga. Ya tofa wani abu a ruwa, ya rungumi allo ya shiga. Ronke ta ɗauki nata allon ta bi shi daga nesa.

A nan dole in yi masa adalci, ashe mutumin ya iya ruwa. Ya yi tuƙi har ya kai inda ake jira. Igiya ta farko ta wuce shi, ta biyu ta wuce, ta uku ta kwaso shi. Sai ga Arzika ya miƙe! A tsugune ne dai, kamar mai shirin alwala, amma tsayuwa ce. Ban taɓa ganin farin ciki a fuskar babban mutum irin na lokacin ba, bakin nan har kunne. Muka ɗauki ihu, ni har da tafi. Da ya tsaya a haka, da ya iso gaɓa da sarautarsa a hannu. Sai ya ɗaga hannu biyu sama, ya waiwayo yana neman abokin wasansa.

"Jatau! Ka gani ko?"

Jatau dai ya gani. Mu ma mun gani. Igiyar ruwan ta naɗe shi kamar tabarma, ƙafafu a sama. Can sai ga allo ya taho shi kaɗai, a natse, ya zo har gaban Sarki ya kwanta, kamar ya kawo gaisuwa.

Dariyar da muka fara ba ta daɗe ba. Kan Arzika ya ɓullo can nesa, ya nutse, ya sake ɓullowa ya fi da nisa. Ruwan yana jan shi ciki, shi kuma yana ta kokawa da shi, abin da aka ce kada ya yi. Wallahi sai na tuna yaransa huɗu. Sarki yana ta salati. Baba Jatau da kansa ya shiga ruwa har gwiwa da rigarsa, yana kiran sunan Arzika da wata murya da ban san yana da ita ba.

Ronke ce ta cim masa. Ta kwance igiyar ƙafarta ta miƙa masa. Mutumin da ya ce shi ba jaki ba ne ya cafke ta hannu biyu, ya naɗa a wuyan hannu, da akwai saura da ya sa a haƙori. Haka ta kewayo da shi ta inda ruwa ba ya ja, ta jawo shi gaɓa. Aka kwantar da shi a yashi, layu sun tafi, ciki ya yi tulu. Ya yi ta amayar da ruwa har muka gaji da kallo.

Da ya samu numfashi, ba godiya ya fara yi ba. Cewa ya yi, "Ruwan ga ba su da tarbiyya. Gishiri ne ya karya man magani."

Sarki ya shafa gemu. Ga anko an ɗinka, ga kalanda a kowane shago, ga kuma abin da ido ya gani. Ya juya wajen Baba Jatau, wanda ke matse gindin rigarsa.

"Sarkin Fawa, kai ka kawo gwajin nan. Me ka gani? A naɗa ko a fasa?"

Arzika ya ɗago jajayen idanu yana kallon abokin wasansa. Baba Jatau ya dubi tekun, ya dubi cikin Arzika, sannan ya ce:

"A naɗa shi, ranka ya daɗe, ya cancanta. Wasu sai sun hau mulki suke fara cin ƙasarsu. Wannan ko rawani bai ɗaura ba ya shanye rabin tasa."