Naɗin Garkuwan Majinyata

A wani gari da ake kira Hakane, babu laifin da ya kai ƙarami ya gyara wa babba magana. Ko azahar ce babba ya ce dare ya yi, fitila ake kunnawa.

A nan wani tela yake, Barau, mutumin kirki, sai dai jikinsa ba shi da tarbiyya: bai yarda da allurar fenisilin ba. An taɓa yi masa ita, ya kumbura suntum, numfashi ya gagara, da ƙyar ya sha. Duk sanda ya je Asibitin Sai-Haƙuri yakan so ya tuna wa babban likita, Dakta Gagara-Gyara, amma ina tela ina koya wa likita aiki? Sai ya haɗiye maganarsa, ya koma gida da ciwonsa.

Ana nan wasu masu taimako suka kawo wa asibitin kwamfuta. Aka zuba mata bayanan kowa, da maganin da yake sha da wanda jikinsa ya ƙi. Da maruru ya fito wa Barau, Dakta ya rubuta masa fenisilin kamar yadda yake rubuta wa kowa, sai na'urar ta yi ja, ta ƙwala ƙara, ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa wannan allura za ta iya kashe shi. Nas ta ajiye sirinji, aka ba shi wani magani, ya warke. Barau ya ƙaunaci na'urar nan har cikin ransa, ya ɗinka mata rigar leshi kyauta.

Dakta kuwa bai ji daɗi ba, don a gaban jama'a aka yi. Ya kai ƙara Majalisar Rufin Asiri.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Mai Gari, "kafin zuwan abin nan, ba a taɓa yin kuskure a asibitina ba. Yanzu kullum sai an yi."

Mai Gari ya tambayi shekarun na'urar, aka ce ko yaye ba ta kai ba.

"Shi ne take yi wa mai furfura tsawa? Ta ma gaishe shi kafin ta yi?"

Aka ce ko sallama ba ta yi.

Wani ya ce a fasa ta. Sakataren majalisa ya tuna musu cewa masu taimako kan zo ɗaukar hoto. Sai Mai Gari ya tuna yadda kakanninsa suke yi da duk mai yawan faɗin gaskiya: sarauta ake ba shi.

Ranar naɗi an ci an sha. Aka naɗa na'urar Garkuwan Majinyata, aka zagaya mata rawani har ya rufe fuskar da take rubutu, gama ba a ƙare wa basarake kallo. Aka ɗora ta a kan kilishi, aka ce mai shiga ya tuɓe takalmi. Tun da basarake ba ya magana da talaka kai tsaye, aka ba ta bafade, wani tsohon maroƙi mai suna Ɗangoje, ya riƙa fassara. In ta yi ƙara, sai ya ɗaga murya ya ce, "An gaishe ka!"

Tun daga nan ba a ƙara jin labarin kuskure ba, har majalisa ta ba Dakta lambar yabo. Masu haƙar kabari ne kawai suka nemi a ƙara musu fili, aka ce kwaɗayi ne.

Da damina maruru ya dawo wa Barau, a mazaunai, inda tela ke zama a kai. Ya daure, ya yi ɗinki a tsaye, har abin ya fi ƙarfinsa. Ya tafi asibiti hankali kwance, ai yana da uba a fada. Dakta ya leƙa, ya yi rubutunsa, nas ta shigar da shi cikin na'urar ta ƙarƙashin rawani. Garkuwa ya ƙwala ƙara.

Barau ya san wannan murya. Tsoro ya sa ya yi abin da bai taɓa yi ba.

"Likita, Allah ya ba ka haƙuri. Kamar dai... ba ita ce allurar nan ba?"

"Wa ya ce maka tana da laifi?"

"Garkuwa ne, ranka ya daɗe. Bara."

"To ga shi nan zaune. Tambaye shi."

Barau ya matsa gaban kilishi. Ƙarar ta ƙaru, har jan haske na ɓullowa ta cikin rawani.

"An gaishe ka, Barau!" in ji Ɗangoje. "An gaishe ka, tela ɗan albarka! Kai, yau ka taki sa'a, ban taɓa jin ya gai da mutum haka ba."

Barau ya dubi ƙofa, ga ta a buɗe. Amma a Hakane aka haife shi, kuma ba a taɓa jin basarake ya gai da talaka, talaka ya juya masa baya ba. Ya durƙusa, ya sunkuyar da kai ƙasa, ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe."

"Yauwa," in ji nas, sirinji a hannunta, "tsaya a haka."

Har aka fita da shi, Garkuwa bai daina gaishe shi ba.