Matar da Aka Bari a Ƙarƙashin Gado

"Lafiya lau na kwana, ba don halinka ba."

Abin da na ji Inna ta ce ke nan, ina bakin famfo ina wanke-wanke. Inna uwar maigidana ce, ƙofarta tana kallon famfon, duk abin da aka faɗa a ɗakin a kunnena yake sauka. Wanda take amsa wa gaisuwa kuwa ɗana ne, Dogo, mai aikin haɗa wutar lantarki. Jiya ta aike shi shagon masu tura abubuwa a waya, ya sa mata karatun Alƙur'ani da wa'azi. Yau ya shigo yi mata sallama da jakar kayan aiki a kafaɗa, don an ɗauke su aikin wani gini a wajen gari, sai mako ya zagayo zai dawo. Ke mai rubuta labarin nan, ki dai rubuta yadda suka faɗa, kar ki gyara musu baki.

"Halina kuma, amarya? Miji irina ai sai an tona."

"Mijin da aka aika karatu ya dawo da 'yan ta'adda? Na danna wayata da bismillah, sai ga wani ƙato da wuƙa yana hararata."

"Au, wannan! Gyara ce mai shagon ya yi miki. Sabon fim ne, mutane har layi suke a kansa."

"Tumatir na aike ka saye da za a yi min gyara?"

"Karatun bai shiga ba?"

"Ya shiga, alhamdulillahi. Na saurara, ina bi da baki."

"To ai magana ta ƙare. Kawo wayar in goge miki ƙaton ki huta."

Na ɗaga kai na leƙa ta gefen labule, sai na ga Inna ta tura wayar ƙarƙashin cinyarta ta gyara zani.

"Tana caji."

"Ga cajar can a rataye a ƙusa."

"Ba ta huce ba. Ba a taɓa waya da zafinta. Kai da kake mai wuta ba ka san wannan ba? Allah Ya tsare gidan da za ka saka wa ƙwai."

"Inna, tsakaninki da Allah, kin kalla ko?"

"Kar ka sa min Allah a maganar banza. Ni da furfurata? Ni da ko hoton fasfo sai da aka lallashe ni?"

"To wa na ji jiya bayan la'asar yana ihu, 'Kashe wayar, 'yar nan, kashe wayar'?"

"Da uwarka nake."

Ni kuwa wayata tana wurin mai gyara tun makon jiya. Na sunkuyar da kai na ci gaba da cuɗa tukunya.

Inna ta ce, "Ni abin da ya ɓata min rai rowarka ce. Kakanka, Allah Ya jiƙansa, ko rake ya sayo min, guda yake kawowa har da ganyensa. Kai kuwa da tsawonka kamar falwaya, ka ɗauko abu rabi ka kawo wa matarka."

"Ya aka yi kika san rabi ne?"

"Wayar ce ta yi nauyi gefe ɗaya."

Dogo ya yi dariya har jakarsa na kaɗa ƙarafa. "Ashe haka ake ganewa! To madalla. Ni zan wuce, mota na jirana a bakin titi. Sai mako, in Allah Ya kai mu. A yi min addu'a."

"Mako? Za ka tafi mako guda ka bar baiwar Allah a ƙarƙashin gado?"

"Wace baiwar Allah?"

"Ma'aikaciyar asibitin mana! Wadda ta ga likita yana canza wa attajirin nan allura. Yarinya ta gudo gida ta shige ƙarƙashin gado, ga takalman ƙaton nan a gaban hancinta, ko numfashi ta kasa yi, sai wayarta ta kama haske. Kawai sai rubutu ya hau tafiya a allo! Wane marar tausayi ne yake yanke abu a nan?"

"Duk a nauyin waya kika ji wannan?"

"Maƙwabciya ce ta ba ni labari."

"Wadda ta tafi jinyar 'yarta tun watan jiya?"

"A mafarki ta zo min. Kai ne mai raba wa mutane mafarki?"

Ya sauke jakar ya durƙusa kusa da tabarmarta. "Inna, ai ba sai na je shago ba. Ni na kalla har ƙarshe, bari in taƙaita miki. Kin ga wanda ya turo ƙaton nan? Ba likitan ba ne. Ashe..."

Inna ta cusa yatsu a kunne ta ɗaga murya da salati, har kajina suka watse.

"Ka ƙarasa, auren nan ya mutu yau! Ƙaninka zan aura. Ya fi ka hanci, ya fi ka ladabi, kuma shi ba ya cin tuwona ya ce gishiri ya yi yawa."

"Shi da ko kuɗin sabulu ba shi da shi?"

"Kai da kake da shi, ina sabulun? Ke, uwar wannan! Zo ki ja ɗanki ya fita min a ɗaki."

Na ce, "Inna, ai mijinki ne. Ni ba na shiga tsakanin miji da mata."

"Kin ji ta! Gida duk an haɗe min kai."

Dogo ya ce, "Abu mai sauƙi ne, amarya. Ki ce 'na kalla, ya yi daɗi.' Yanzu in ruga a turo miki kashi na biyu kafin motar ta tashi. In kin ƙi, ta zauna a ƙarƙashin gadon har in dawo, ƙura ta ishe ta."

"Idona ya faɗa kai."

"Sau nawa?"

"Ya faɗa, ya tashi, ya sake faɗawa. Tsufa ne, ido ba ya jin magana."

"Bai isa ba."

Daga titi aka danna hon. Ya saɓa jakarsa, ya sa takalmi ɗaya, ya sa na biyu a hankali yana kallonta. Inna ta dube shi, ta dubi bakin ƙofa, sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Na kalla, ja'iri! Na kalla, ya yi daɗi! Da asuba ma sai da na sa yarinyar a addu'a. Ina shafawa na tuna ashe 'yar wasa ce, na ce to Allah Ya kai wa duk wadda take cikin ƙunci."

Ni ma na ce amin daga bakin famfo, don wannan addu'a ba ta faɗuwa ƙasa.

Ta zaro wayar ta miƙa masa, ta laluba bayan filo ta ɗauko 'yar kwalbar turare ta ɗora a kai. "Ungo, ka riƙa shafawa, kar a ce mijina yana warin ƙonanniyar waya. Ka ce wa direban kakarka ce ba lafiya."

"Ƙarya kuma, Inna?"

"Wace ƙarya? Zuciyata tun jiya take bugawa. Kuma kar a taɓa min karatuna!"

Ya fita da gudu yana dariya. Inna ta share ido da bakin mayafi, ta leƙo ta kira ni ƙasa-ƙasa.

"Ke kuma in ya kawo, ki bar tukwanen nan ki zo ki zauna kusa da ni. Ba tsoro nake ji ba. Ƙafata ce take son matsa."

Na ce, "To, Inna."