Zalɓen da Bai Haɗiye Ba

Ran da aka kawo majigi Haɗeja, ni ne a sahun gaba, ina yi wa 'yan'uwana masunta bayani kamar a gidanmu aka ƙera shi. Da fim ya ƙare sai ga zalɓe a jikin allon da kifi a baki. Kafin ya haɗiye aka kashe na'ura.

Na rantse sai na ga ƙarshen lamarin. Na bar komata ana tsakiyar kamun kifi, na bi motar majigin a kan jaki har Malam Madori, sannan Kaugama. Ko'ina bai haɗiye ba.

Na tare mai majigi. "Malam, ku bar tsuntsun nan ya ci abincinsa mana!"

Ya ce, "Baba, ai tambarin kamfani ne."

Har yau in na kai loma baki, sai matata ta ce, "Maigida, shi fa, ya haɗiye?"