Sajan Shekarau da Karen Jamus

Wani mutum ne a Unguwar Gwaiba ana ce masa Sajan Shekarau. Kada ku ji an ce Sajan ku miƙe tsaye. Bai taɓa sa kaki ba. Iyakarsa da soja ita ce shekara uku da ya yi yana sayar da rake a ƙofar bariki. Amma in ya zauna a gindin darbejiyar da ake dara ya buɗe baki, sai ka rantse shi ya raba yaƙin duniya. Ya taɓa kama ɗan fashi da hannun hagu yana shan shayi da na dama. Ya taɓa hararar kura ta kauce ta ba shi hanya. Mutane sun saba. In ya fara sai a ce, "Haka ne, Sajan," a ci gaba da dara.

Ana nan sai ɓarayin awaki suka addabi unguwar. Yau akuyar wane, gobe tunkiyar wance, har ragon Mai Unguwa Bawa aka kwance da rana tsaka ana sallar Juma'a. Mai Unguwa ya tara jama'a ya ce za a kafa 'yan sintiri, ana neman wanda zai shugabance su. Za a ɗinka masa kaki, a ba shi hula da usur.

Da jin kaki sai Shekarau ya miƙe zumbur. Shekara talatin ke nan yana sa shi a mafarki.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, sintiri ba kare ai yawon shan iska ne. Ni kuwa duk karnukan bariki a hannuna suka koyi aiki. Akwai wani kanar, yarona ne, magana ɗaya zan yi masa ya aiko mini da guda daga Jamus."

Isuhu tela, wanda ba ya barin magana ta wuce bai sa mata allura ba, ya ce, "A jirgi zai zo, Sajan, ko da ƙafa zai tako?"

"Kai dai ka ji da wandunan mutane da kake gajartawa."

Mai Unguwa ya ce, "To, ranar Asabar bayan la'asar ka kawo shi nan mu gani. In ya yi, kakin naka ne."

Shekarau ya koma gida ya zauna ya yi tagumi. Kanar ɗin da ya sani guda ɗaya ne a duniya, shi ma rake ya taɓa saya, ko kallonsa bai yi ba. Can sai ya tuna da wata likitar dabbobi a bayan gari, Dokta Rahila, wadda ke tsinto karnukan da ba su da mai su, ta yi musu magani, ta ba duk wanda zai riƙe su da amana kyauta. Ranar da ya fara jin labarinta har da riƙe ciki ya yi don dariya, ya ce wasu dai ba su da aikin yi. Washegari da sassafe ya ja hula har gira ya bi ta lungu ya nufi can.

Yana shiga haushi ya tashi ta ko'ina, wau wau wau, kamar rufin zai ɗage. Likita ta shiga gaba tana nuna masa keji keji. Wani jan kare ya yi tsalle ya daki waya, ƙarau. Kafin ƙiftawar ido Sajan ya tsinci kansa a bayan likita ya riƙe mata gefen riga.

Ta ce, "Baba, lafiya?"

Ya saki rigar ya gyara hula. "Gwada shi nake. Ba shi da tarbiyya. Mu je gaba."

A keji na ƙarshe ya ga wani baƙin kare ƙato, kai kamar turmi, ƙirji kamar na maraƙi, yana kwance ko motsi ba ya yi. Shekarau ya buga ƙafa. Kare bai ko ɗaga kunne ba. Zuciyarsa ta ce, ga girma na tsorata jama'a, ga haƙuri na kwanciyar hankalin mai shi.

"Wannan nake so."

"Baba, bari in faɗa maka halinsa tukuna. Shi wannan..."

"Likita, ke a takarda kika karanta kare. Ni da su na kwana na tashi."

"Ai dai da ka saurara."

"Halin kare a idonsa yake, na kuwa gani."

Ta dube shi, ta dubi karen, ta ce to. Ta sa shi ya sa hannu a takarda cewa zai ciyar da shi, zai kawo shi allura, ba duka, ba kora, kuma za ta riƙa zuwa dubawa. Ya rattaba hannu da ƙarfi har biro ya huda takardar.

A Keke Napep ya kawo shi, lulluɓe da tsohon bargo. Ya raɗa masa suna Kwamanda, ya kulle shi a tsakar gida. Kwana uku unguwa ba ta da zance sai nasa. Wai hanta kawai yake ci. Mutum goma sha ɗaya ya ciza a Jamus, biyu har yanzu suna asibiti. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Turanci, sai Jamusanci zalla. Da aka ce ba a taɓa jin haushinsa ba, sai Sajan ya ce an hore shi ne ya yi aiki shiru.

A cikin gida kuwa Kwamanda barci yake yi, ya farka ya lashi tuwon da aka jiƙa, ya koma. Asabe matar Shekarau ta ce, "Malam, karen nan naka fa ƙashi na ba shi, ya tsotsa ya ajiye."

"Ƙashin gida ne, bai saba da shi ba. Ki daina ɓata masa ciki."

Ranar Asabar ƙofar gidan Mai Unguwa ta cika maƙil. An cusa wa buhu ciyawa, an sa masa tsohuwar riga da hula, an ɗaure a jikin turke, shi ne ɓarawo. Sai ga Sajan da baƙin tabarau da takalmin ruwa, ya naɗe sarƙa sau uku a wuyan hannunsa, wai don kada a yi asarar rai. Jama'a suka ja da baya, don gaskiya karen ya cika ido.

Sajan ya ƙame ya nuna buhu. "Ashtun!"

Kwamanda ya dubi buhu, ya zube ƙasa ya miƙe ƙafafu.

"Kun gani? Cewa na yi ya kwanta. Burgen shitak!"

Kare ya wage baki ya yi wata doguwar hamma. Kowa ya leƙa. Baki fayau, sai dasashi da wani guntun haƙori guda ɗaya can gefe, shi ma ya karkace.

Isuhu tela ya ce, "Sajan, haƙoran a jirgi na biyu za su iso?"

Gumi ya fara tsattsafo wa Shekarau a ƙarƙashin hula. Ya ce, "A ciki suke. Sai zai yi cizo suke fitowa, kamar farcen kyanwa. Kai da ba ka taɓa wuce tasha ba me ka sani?"

Bai rufe baki ba sai ga wata kaza mai 'ya'ya ta fito daga zauren Mai Unguwa, 'yan tsakinta na biye. Ta ga kare a kan hanyarta. Ta tayar da gashi, ta buɗe fukafukai, ta yo kansa, kurrr.

Kwamanda ya saki wani kuka, kai kai kai, kamar an taka wutsiyar ɗan kwikwiyo, ya zabura da gudu. Sarƙa ta fizgi Sajan. Tabarau ya yi gabas, hula ta yi yamma. Aka ja shi a ƙasa kiii, ya daki turke, buhu ya faɗo masa a ka, aka zarce da shi cikin lambatu, tsulum, aka fito da shi ta ɗaya gefen. Kaza na biye tana saran ɗuwawun wanda ta fi kusa da shi, shi ne Sajan.

Ba su tsaya ba sai a gaban wata tsohuwa mai tallar ɗanwake da ta tsaya kallo. Kare ya cusa kai a bayan zaninta yana rawar jiki. Ta sauke tukunya ta duƙa ta dube shi.

"A'a. Na-Bola, kai ne? Ashe kana raye."

Kare ya hau kaɗa wutsiya yana lasar mata ƙafa.

Mai Unguwa ya ƙaraso ya ce, "Inna Kande, kin san shi ne?"

"Ranka ya daɗe, ai a bayan rumfata ya girma, can tsohuwar tasha. Shekara tara ina ba shi ƙanzo. Agwagin wani mai facin taya ne suka hana shi sakat, ya gudu, na ji an ce wata likita ta tsince shi." Ta juya ga karen. "Zauna, ɗan albarka."

Ya zauna daram.

Isuhu ya ce, "Inna, ashe kina jin Jamusanci ba mu sani ba."

Sajan ya miƙe, baƙin ruwa na ɗiga daga gemunsa, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya buɗe baki zai yi bayani, Mai Unguwa ya ɗaga masa hannu.

"Ya isa, Shekarau. Ba za mu bar ka ba muƙami ba. Sintiri dai Isuhu zai riƙe. Kai kuma daga yau kai ne mai gadin karen nan. Ka sa ido sosai, kada kajin unguwa su cinye mana shi."