Yadda Za Ka Zama Farfesa a Wuyan Mai Shara

Ban yi boko ba, wannan ma faɗa na yi aka rubuta mini. Amma shekara ashirin da biyu ina goge ɗakin bincike a jami'a, har ranar da aka karɓe mini makulli. Bi matakan nan, na rantse sai ka zama Farfesa ba ka ɗaga ko tsinke ba.

1. Zaɓi aikin da ke yin kansa
Samo wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, ka zuba a ruwa, ka ce da kansu za su jeru su gina sabon abu mai ƙarfi. Su yi gini, kai ka sha shayi. Ilimi ke nan.

2. Ajiye su inda ake wanke-wanke
Wata bakwai suna jeruwa a ɗan kwanon gilashi. Rana ɗaya ka ɗauko shi ka dangwarar kusa da ƙazamin kofinka, ruwan fari-fari kamar ɗaurayar madara.

3. Yi gargaɗi da Turanci
Manna wa kwanon 'yar takarda mai cewa kada a taɓa. Kada ka kuskura ka buɗe baki ka gaya wa tsohuwa mai sharar da kake ce wa “Sannu Baba” kullum, wadda ka san da dangwale take sa hannu. Magana da baki ba ta manya ba ce.

4. Kwarma ihu
“Baba! Ina kwanon nan?”
“Ga shi na kife, ranka ya daɗe, har ƙyalli yake.”
“Aikin wata bakwai kika tura rariya!”
“To, tunda sun iya haɗa kansu, su haɗu a can mana.”
Riƙe wannan amsar, ita za ka kira rashin kunya.

5. Kai ta gaban kwamiti
Mutum biyar masu tabarau, ba wanda zai tambayi wa ya ajiye kwanon. A sallame ta.

Gargaɗi
Ba ruwana da abin da zai biyo baya. Na ji labari ƙura ta shiga sababbin kwanukanka uku ta lalata su, don ita ma ta iya haɗa kanta, ni ce nake hana ta. Ina gida. Ka zo da makullina, ka ce “laifina ne” da bakinka. Ban da takarda.