Jirin Kaka Fanna

"…da gajiyar hanya, Maigida? Ko da ƙafa ka tako daga Keana? Tun hantsi nake zuba ido."

"Gajiya ta bi lafiya, Amarya. Ke da aka ce duniya na juya miki, ai da kin tsaya a bakin ƙofa, da Keana ta juyo ta same ki."

Ari ya ajiye leda a gefen tabarma ya zauna. Sunan kakansa marigayi ya ci, shi ya sa Kaka Fanna ba ta taɓa kama sunan da bakinta ba, Maigida take ce masa tun yana cikin zanin goyo. Mako uku ke nan jiri ya sa ta gaba. Shekaranjiya ta yi taga-taga a bakin rijiya, Allah ya sa akwai bango kusa. Da labari ya kai kunnen Naziru, baban Ari, sai ya yanke magana: in jirin bai tafi ba zuwa Juma'a, za a kwashe ta zuwa gidansa a Akurba, a sa wa nan kwaɗo. Gidan da ta shekara arba'in da biyar a ciki. Abin na damun Ari ƙwarai, don ya san raba ta da ɗakin nan ya fi jirin ciwo. Amma ba a nuna wa kaka tausayi a fili, sai ta raina ka.

Ta buɗe ledar ta zaro saƙon da ta ba shi: malt, madarar gwangwani da ganyen ugu, wai na ƙarin jini.

"Wannan ne ugu? Ko akuya ta gan shi sai ta kau da kai."

"Da babu gara ba daɗi. Kuma wa ya ce miki jininki ya ragu?"

"Ina zai ƙi raguwa, ina auren mijin da ba ya cefane?"

Ya tuna mata cewa an kai ta asibiti an yi tes. Nas ta ce jini na nan da yawansa, bai hau ba bai sauka ba, suga ma daidai. Ya bi ta da tambaya kamar ɗan sanda: tana shan ruwa da zafin nan na Lafia? Tana karyawa kafin ta kama aiki? Ko zumbur take miƙewa daga kwance? Duk ta amsa masa da harara.

"To kunne fa? Yana miki ƙara? An ce ciwon kunne ma na kawo jiri."

"Kunnena ras. Daga nan nake jin ƙugin cikinka. Dube ka, kamar sillen kara, wai kai ne likita."

"Sillen karan ne dai ya rufa miki asiri. Wa zai kwashi tsohuwa mai haƙori uku?"

"Da tsohuwar zuma ake magani, yaro. Layi ake yi a ƙofar nan."

"Eh, layin masu sayen ƙuli-ƙuli ba. Gaya mini gaskiya, yaya yake miki in ya zo?"

Nan ta ɗan sassauta. Ta ce ƙasa ce take tasowa kamar za ta gaishe ta, in ta kai ƙafa sai ta ji rami inda babu rami. Bango ya karkace, zuciya ta tashi, goshi ya yi nauyi. Abin mamaki, da asuba garau take tashi, ta yi alwala ta yi salla ba komai. Sai rana ta fito ta shirya tsaf, sannan ya sallamo.

Ari ya dubi fuskarta. Sai yanzu ya lura da gilashin da ke kan hancinta: baƙi, mai kauri kamar gindin kwalba, an ɗaure hannu ɗaya da zare. Ya san gilashin nan. A cikinsa kakansa ya sha harararsa yana ƙarami in ya taɓa rediyo.

"Amarya, ina naki gilashin?"

"Na zauna a kai."

"Yaushe?"

"Mako uku ke…" Ta tsaya. "To sai me? Na buɗe adaka na ɗauko na mai gidan nan. Gilas ai gilas ne, abi?"

"Kowa da awon idonsa, Kaka."

"Kai tafi can. Shekara arba'in da biyar ni da shi abu ɗaya muke gani. Yau ne gilashinsa zai nuna mini wata duniya daban?"

Maganar ta taɓa shi. Sai ya miƙa hannu ya zare gilashin a hankali ya ɗora a nasa hancin, ya miƙe da ƙarfin hali wai gani ya kori ji. Taku biyu ya yi tsakar gida ta tashi tsaye. Ya kai wa igiyar shanya cafka ya kuskure, ya zube kan buhun gyaɗa.

Kaka Fanna ta yi dariya har da hawaye. "Wayyo mijina! A kawo ugu, jininsa ya ƙare!"

Yana zaune yana murza ido ta tashi, ba gilas, ta taka har bakin rijiya ta dawo, ta sake komawa don neman magana. Ba ta dafa komai ba. Ari ya ciro waya ya shaida wa babansa cewa a ajiye kwaɗon tukuna, gobe da safe zai kai ta a auna mata ido, in jirin ya sake leƙowa kuma su koma wurin likita.

Ta karɓi gilashin ta goge shi da bakin zani, ta daɗe tana gogewa fiye da yadda yake bukata. Sannan ta naɗe shi ta danƙa masa a tafin hannu.

"Ka ci wannan karon. Riƙe kayanka, dama na Maigida ne." Ta ja masa kunne. "Amma kar ka kuskura ka sa shi ka hau mashin. Ban shirya takaba ta biyu ba."